Littattafan Tarihi da Tafiye-tafiye da Suka Dace da Mai Ziyartar Yammacin Jihar Kano

Gabatarwa

Wanda ya fito daga birnin Kano ta Ƙofar Kabuga, ya kama titin Gwarzo ta Rimin Gado, ya shiga yankin da ake kira yammacin Jihar Kano. Yankin ya ƙunshi ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo da Ƙaraye da Rogo da maƙwabtansu, kuma ta nan ne jihar ta yi iyaka da Jihar Katsina. Garin Durun yana cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kabo, tare da Garo da Gammo da Godiya da Gude da Masanawa da sauransu, yayin da Getso da Kutama da Lakwaya suke cikin Ƙaramar Hukumar Gwarzo.

A kowace shekara baƙi suna shigowa waɗannan garuruwa. Akwai matasa masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda da dama daga cikinsu daga jihohin kudu suke zuwa, akwai ɗaliban jami'a masu bincike, da ma'aikatan lafiya da na aikin gona, da 'yan kasuwa, da kuma 'ya'yan yankin da aka haifa a Legas ko Ibadan ko Kumasi, suka dawo neman tushensu. Idan irin waɗannan baƙi suka yi tambaya a kan tarihin wuri, dagaci ko mai unguwa ko shugaban makaranta ko jami'in ƙaramar hukuma ake nufa. Amsar da aka ba su ita suke tafiya da ita, wani lokaci ma su rubuta ta a takarda, ta zama abin da na baya za su kafa hujja da shi.

Saboda haka aka tanadi wannan bayani, domin ya nuna littattafan da suka fi amfani ga baƙo da mai masaukinsa, da abin da kowane ɗaya ya ƙunsa, da kuma inda ya kamata a yi hattara da shi. Yawancin abin da aka rubuta a kan Kano ya karkata ne ga birni da fada. Mai neman labarin karkara sai ya haɗa littattafai iri-iri, ya san idon da kowane marubuci ya kalli ƙasar da shi.

Tarihin Sarakuna

Littafin da kowane mai nazarin Kano yake farawa da shi shi ne wanda aka fi sani da Tarihin Kano. Da Larabci aka rubuta shi, ya taso daga zamanin Barbushe da mazauna Dutsen Dala, ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya sake buga shi a 1928 cikin littafinsa Sudanese Memoirs. Ga mai karatun Hausa, fassararsa tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a 1932 da 1933 ƙarƙashin jagorancin R. M. East.

A cikin wannan tarihi ne ake samun labarin fara ginin ganuwar birni a zamanin Gijimasu, da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da ayyukan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) irin su kafa Kasuwar Kurmi da gina gidan sarauta. Abin da ya fi shafar yankinmu shi ne dogon yaƙin da aka yi ta yi tsakanin Kano da Katsina, domin ƙasar yamma ita ce ke tsakanin biranen biyu. Garin Ƙaraye ya fito a wannan labari, musamman a farkon ƙarni na 17, lokacin Wambai Giwa wanda ƙarfinsa ya kai har fada ta soma jin tsoronsa.

Ya kamata a san cewa ainihin littafin tsawon mulkin kowane sarki ya bayar. Shekarun Miladiyya da ake gani, kamar 999 da ake ce wa farkon sarautar Bagauda, lissafi ne da aka yi ta hanyar ƙirgawa baya. Masana irin su Murray Last da M. G. Smith da John Hunwick sun yi muhawara a kan wanda ya rubuta shi da lokacin da aka haɗa shi. Don haka shekarun farko-farko a ɗauke su a matsayin kimantawa.

Na biyu shi ne Kano ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, wanda aka buga a Zariya a 1958. Hausarsa mai sauƙi ce, kuma marubucin ɗan gida ne da ya san fada ciki da waje. Ya bi tarihin sarakuna har ya shigo zamanin Turawa. Ga jami'in da ba shi da lokaci mai yawa, wannan ne littafin da ya fi dacewa ya ajiye a ofis. Akwai kuma Waƙar Bagauda, wadda ta jero sarakunan Kano cikin baitoci, Mervyn Hiskett ya buga ta tare da sharhi a 1964 da 1965.

Jihadi da Ƙarni na 19

Yammacin Kano yana da babban matsayi a labarin jihadi. Lokacin da malaman Kano suka amsa kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wurin da suka yi hijira suka taru shi ne Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Cikin shugabanninsu akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Dabon Dambazau, da Malam Usman Bahaushe. Daga wannan yanki aka soma fafatawa da dakarun Sarki Alwali. An gwabza a Godiya, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, aka ci Ƙaraye, kafin babban yaƙin Ɗanyaya da ya karya ƙarfin Alwali, wanda aka kashe a Burumburum wajen 1807.

Tushen wannan labari shi ne Taƙyidul Akhbari na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda ya rubuta da Larabci a 1868, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ya tattara shi ne daga bakin waɗanda suka ga abin ko suka ji daga iyayensu. Sai dai a tuna cewa daga ɓangaren waɗanda suka yi nasara aka rubuta shi, fiye da shekara 60 bayan aukuwar al'amarin.

Domin fahimtar jihadin gaba ɗaya, a nemi Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812. Sidi Sayuɗi Muhammad da Jean Boyd sun mayar da shi Hausa a 1974. Sai kuma The Sokoto Caliphate na Murray Last (1967), wanda ya bayyana yadda aka tafiyar da daular da dangantakar Sakkwato da masarautu irin su Kano. Tun da Gwarzo tana bakin iyaka, mai son cikakken hoto ya haɗa da littafin Dakta Yusufu Bala Usman, The Transformation of Katsina (1981), domin mutanen iyaka ba su taɓa rabuwa ba wajen aure da kasuwa da ƙaura.

Abin da Matafiya Suka Gani

Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19 sun bar rubutu mai yawa a kan hanyoyi da kasuwanni da farashi da amfanin gona, abubuwan da marubutan fada ba su cika damuwa da su ba.

Hugh Clapperton, mutumin Birtaniya, ya iso Kano a Janairun 1824 daga Borno, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ƙiyasta mutanen birni tsakanin 30,000 da 40,000. Tsarin Kasuwar Kurmi ya burge shi ƙwarai. Ya ba da labarin cewa idan aka sayi riga a Kano, aka kai ta wata ƙasa mai nisa aka tarar da aibi a cikinta, ana iya mayar da ita, dillali ya biya kuɗin. Daga Kano ya wuce Sakkwato ya gana da Muhammadu Bello. An buga labarin wannan tafiya a 1826. A tafiyarsa ta biyu ta kudu ya shigo, daga Badagiri ta ƙasar Yarabawa da Busa da Zariya, ya iso Kano a 1826, ya rasu a Sakkwato a 1827. Littafin tafiyar ya fito a 1829. Baƙon da ya zo daga kudu zai ji daɗin wannan na biyu, domin zai ga cewa hanyar da ta haɗa garinsu da Kano ta girme wa mota da jirgin ƙasa.

Mafi zurfi a cikinsu shi ne Heinrich Barth, Bajamushe, wanda ake kira Abdulkarimu a nan ƙasar. Ya taso daga Turabulus a 1850, ya bi ta Agadas da Katsina, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman, sannan ya sake biyowa a 1854 bayan dawowarsa daga Tambutu. Yana jin Larabci da Hausa da Barbarci, saboda haka da bakinsa yake tambaya. Ya ƙiyasta mazauna birni wajen 30,000, ya yi bayanin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa Tambutu da Gat da Turabulus. Ya kuma lura cewa saƙa da rini sana'o'i ne na gidaje, waɗanda ba su raba mutum da iyalinsa. Littafinsa, Travels and Discoveries in North and Central Africa, juzu'i biyar ne, ya fito a 1857 da 1858. Wanda ba zai iya da tsawonsa ba ya nemi Barth's Travels in Nigeria (1962), inda A. H. M. Kirk-Greene ya tsamo sassan da suka shafi Nijeriya.

Bayansu akwai Paul Staudinger, shi ma Bajamushe, da ya zo Kano a 1885, da C. H. Robinson na Ingila da ya zauna a birni 'yan watanni tsakanin 1894 da 1895, ya fitar da Hausaland a 1896. Robinson ya tarar da ƙasar tana fama da Yaƙin Basasa, kuma rubutunsa yana ɗauke da ra'ayin masu neman hujjar mulkin mallaka. A amfana da abin da ya gani da ido, a auna hukuncin da ya yanke.

Muryar Karkara

Idan za a zaɓi littafi ɗaya tak domin fahimtar rayuwar ƙauyen yammacin Kano, to Baba of Karo ne. Baba tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa, a kan iyakar Kano da Zazzau. Zarewa a yau tana cikin Ƙaramar Hukumar Rogo. Mary Smith ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950, tana faɗa ana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, aka buga littafin a 1954. Daga baya an fitar da shi da Hausa da sunan Labarin Baba Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano.

A cikinsa babu jerin sarakuna. Akwai labarin gandu da rinji, da yadda mahara suke faɗa wa ƙauye su kama mutane, da yadda dangi suke haɗa kuɗin fansa, da aure da saki da goyo da ƙawance da bori, da kuma yadda talakan karkara ya ji da zuwan Turawa. Matan Durun da Getso da Kabo za su gane abubuwa da yawa da kakanninsu suka ba su labari. Ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta da aka turo daga wata jiha zai fahimci dalilin wasu al'adu da zai tarar a gidajen mutane.

A ɓangaren tattalin arziki, Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi, kusa da birni, ta fitar da Population, Prosperity and Poverty a 1977, inda ta kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970 ta fuskar gona da gado da cin rani. Paul Lovejoy, a littafinsa Caravans of Kola (1980), ya bi sawun fataken goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suke tashi daga garuruwan karkara su nufi Gwanja. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga wannan fatauci ya taso. Jan Hogendorn kuwa, a Nigerian Groundnut Exports (1978), ya nuna cewa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai da ita, amma manoma da 'yan kasuwar gida suka zaɓi gyaɗa domin ta fi riba kuma ana iya cin ta idan shekara ta yi tsanani. Michael Watts, a Silent Violence (1983), ya yi nazarin yunwa a ƙasar Hausa, ciki har da Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da farin farkon shekarun 1970. Malaman gona za su ƙaru da waɗannan biyu na ƙarshe. Game da Maguzawa, Joseph Greenberg ya zauna da su a karkarar Kano a 1938 da 1939, littafinsa ya fito a 1946.

Zamanin Turawa da Bayansa

Bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, rikici ya ɓarke tsakanin ɗansa Tukur da Yusufawa, wato 'ya'yan Sarki Abdullahi da magoya bayansu. Yaƙin ya raba garuruwan karkara gida biyu, ya ƙare da kashe Tukur a Tafashiya a 1895, Aliyu Babba ya tabbata a kan gado. Ba a daɗe ba sojojin Birtaniya suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Littafin Adamu Mohammed Fika, The Kano Civil War and British Over-rule (1978), ya yi bayanin wannan zamani har zuwa 1940. Yana da muhimmanci ga jami'an ƙananan hukumomi, domin a nan za su ga yadda aka tattara garuruwa aka mayar da su gundumomi, aka umarci hakimai su bar birni su koma zama a ƙasashensu, aka kafa baitulmali, aka sauya tsarin haraji. Tushen tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa kamar yadda aka san shi a yau yana nan.

Government in Kano na M. G. Smith, wanda aka buga a 1997, ya bi tsarin sarauta da muƙamai daga 1350 zuwa 1950. Babban littafi ne, ba na karantawa a zama ɗaya ba. An fi amfana da shi idan aka duba sunan gari ko sarauta a jerin sunayen da ke ƙarshensa, aka buɗe shafin da ya dace. Haka ake yi da Gazetteer of Kano Province na W. F. Gowers (1921) da The Emirates of Northern Nigeria na Hogben da Kirk-Greene (1966). Ga mai son sanin ɗariƙu da siyasa, akwai Religion and Political Culture in Kano na John Paden (1973). Farfesa Bawuro Barkindo ya tattara maƙalun masana a littafi biyu, ɗaya a kan tarihin Kano (1983), ɗaya a kan Kano da maƙwabtanta (1989).

Hausawa da Labarin Tafiyarsu

Su ma 'yan ƙasa sun yi tafiya sun ba da labari. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya yi wa Barth hidima har ya bi shi Ingila da Jamus. J. F. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, ya fito cikin Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin daɗaɗɗun rubutun zube na Hausar boko. Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara shi a 1971. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Karachi ta ƙasar Gana a 1934, ya rubuta bayanai masu yawa da ajami a kan sana'o'i da fatauci da zamantakewar ƙasar Hausa.

A zamanin boko, Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi (1944) a kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama (1955). Waɗannan biyu sun dace da ɗaliban sakandare, domin suna koya wa mutum yadda ake lura da baƙon wuri, a kwatanta shi da gida ba tare da raini ko ruɗuwa ba.

Abubuwan Lura Wajen Karatu

Na farko shi ne iyakoki. Lardin Kano da Gowers ya yi magana a kansa a 1921 ya haɗa har da Katsina. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka yi garambawul ga ƙananan hukumomi a 1976, aka cire Jigawa a 1991, daga baya jihar ta zama mai ƙananan hukumomi 44. Don haka wanda yake neman ƙaramin gari kamar Durun a tsohon littafi, ya fara binciken gundumar da garin yake ƙarƙashinta a wancan lokaci, ya nema da sunanta.

Na biyu shi ne rubutun sunaye. Turawan farko yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, masu Larabci kuma ba su da wasu haruffan Hausa. Gari ɗaya yana iya fitowa da siga biyu ko uku, kuma garuruwa biyu suna iya yin suna ɗaya. Kafin a ce wuri kaza ake nufi, a duba garuruwan da aka ambata kafinsa da bayansa a kan hanya.

Na uku shi ne awo. Da wuri ake ciniki a da, kuma a zamanin Barth wuri wajen 2,500 ne yake daidai da riyal ɗaya ta azurfa a Kano. Nisa kuwa da zango ake lissafa shi. Adadin mutane da matafiya suka bayar ƙiyasi ne na ido.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne amfani da littafi a wurin jayayya. Sau da yawa idan rigimar sarauta ko ta iyakar gona ko ta burtali ta taso, wani yakan ɗauko shafi ɗaya ya ce magana ta ƙare. Marubucin fada yana kare gidan da yake wa aiki, Baturen mulki abin da tafinta ya gaya masa ya rubuta, matafiyi kuma kwana ɗaya ko biyu ya yi a gari. Jami'in da irin wannan magana ta zo gabansa ya gwada littafi da littafi, ya saurari dattawan kowane ɓangare, ya bar hukunci ga hukumar da doka ta ba wa ikon yanke shi.

Inda Ake Samun Littattafan

A birnin Kano akwai Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jiha, da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, da cibiyar Mambayya da ke gidan marigayi Malam Aminu Kano. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana Gidan Ɗanhausa, gidan da Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, yana da kayan tarihi da hotuna da suke taimaka wa mai karatu ya ga abin da ya karanta. A Kaduna akwai Gidan Arewa da kuma Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda ake ajiye fayilolin Lardin Kano, ciki har da rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta gunduma-gunduma lokacin ƙiyasin haraji. A irin waɗannan rahotanni ne aka fi samun sunayen ƙauyuka da dagatai da kasuwanni da sana'o'i.

Littattafan Hausa da aka buga a Zariya ana tambayarsu a wurin masu sayar da littattafai na Kurmi da Sabon Gari. Na Barth da Clapperton da Robinson kuwa, saboda daɗewarsu, ana samun hotunan shafukansu kyauta a intanet.

Daga Ina Za a Fara

Baƙon da kwanaki kaɗan zai yi ya karanta labarin Baba, ya haɗa da babin Barth a kan Kano. Jami'in ƙaramar hukuma ya fara da Kano ta Dabo Cigari, ya bi da littafin Fika. Malamin makaranta ya riƙe Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya riƙa karanta wa ɗalibai sassan da suka ambaci garuruwan da suka sani. Wanda karatun boko bai yi masa nisa ba, a karanta masa na Hausa a majalisa ko a makarantar dare, domin sau da yawa irin wannan zama ne yake sa dattijo ya tuno abin da babu shi a takarda.

Ana kuma shawartar baƙo, kome yawan karatunsa, ya fara gaida hakimi ko dagaci ko mai unguwa kafin ya shiga tambaya, ya nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum ko gida ko maƙabarta, ya tambayi ranar da kasuwar gari take ci, ya kuma tuna cewa da damina manomi yana gona tun asuba.

Kammalawa

Duk littattafan da aka ambata, idan aka haɗa su, ba su ƙure tarihin yammacin Kano ba. Babban kaso yana bakin dattawa, yana cikin kundin malaman zaure, yana kuma bisa ƙasa: kufai, da ragowar ganuwa, da tsofaffin rijiyoyi, da karofi, da wuraren da aka narka tama. Kowace shekara ana rasa masu sanin waɗannan abubuwa, gini da noma kuma suna shafe alamun.

Saboda haka ana kira ga dagatai da masu unguwanni da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin ci gaban gari a Durun da Kabo da Gwarzo da kewaye, su rubuta jerin waɗanda suka sarauci garinsu, da asalin unguwanni, da sana'o'in da aka gada, da shekarun fari da na annoba da mutane suke tunawa. A rubuta sunan wanda ya ba da labarin da ranar da ya bayar, kuma idan ruwaya biyu suka saɓa a rubuta su duka. A ajiye kwafi ɗaya a gidan dagaci, ɗaya a makarantar gari, a miƙa ɗaya ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha. Ta haka baƙon da zai zo nan gaba zai sami abin karantawa a kan garin da ya sauka, daga bakin masu garin.